Yadda Ake Kafa Inuwa a Madekali

Mai shirya wa makaranta ko gidan attajiri fili a Madekali yakan jira a yi ruwa mai ƙarfi tukuna, ya zo da sassafe ya ga inda ruwan ya kwana. Garin yana arewacin Benin kusa da kogin Kwara, laka ta yi yawa, mangwaron da aka dasa a kwari saiwarsa ruɓewa take yi. Tudu na mangwaro ne da darbejiya. Inda ruwa ke taruwa a ba turare, shi danshi bai dame shi ba. Maɗaci kuwa a kai shi nesa da katanga, don jikoki ake dasa shi.

Haƙa rami da zuba ruɓaɓɓen taki, wannan ko yaro ya iya. Wurin fitar da dashe daga leda ake gane gwani. Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa takan naɗe a ƙasa kamar gammo. In aka binne ta haka, itacen zai yi kore shekara ɗaya ko biyu, sannan ya tsaya cak, ko iskar farkon damina ta kayar da shi. Sai a jiƙa ledar tun daren jiya, a kwantar da ita, a yanke gindinta kaurin yatsa da wuƙa mai kaifi, naɗin ya tafi tare da shi. A tsaga gefe a zare ledar a hankali, kada ƙasar ta wargaje. In mangwaro mai aure ne, gaɓar auren ta tsaya sama da ƙasa. Na ga tsofaffin masu lambun albasa suna yin wannan suna hira, ko kallon hannunsu ba sa yi.

Yawancin masu wannan sana'ar manoman shinkafa da albasa ne, renon dashe ƙari ne. Kasuwarsu tana tashi gab da 1 ga Yuni, ranar dashen itatuwa a Benin tun 1985, ko da yake a nan arewa mai hankali yakan bari damina ta zauna a Yuli. Rufe gadar Malanbil zuwa Gaya a 2023 ya rage zirga-zirga, amma makarantu da masallatai ba su daina neman inuwa ba.

Bayan an dasa, saura shingen ƙaya saboda awaki, da toka a gindi saboda gara, sai ban ruwa har ranin farko ya wuce.