Shawarwari 6 ga mai koyon C++ a gida: alamar = a cikin ajin tamfilet

Ko a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum kake karatu, ko a zauren gida kake koyo, wata rana za ka rubuta operator= a ajin tamfilet. Harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya soma ƙirƙira a 1979, ba ya yafe sakaci a nan. Ga abin da zai rage maka wahala.

1. Duba ko akwai buƙata tukuna. Idan ajinka bai riƙe foyinta ba, kwamfaila za ta rubuta maka da kanta. Ka yi amfani da std::vector, ka huta da new da delete.

2. Kwafi kayan, kar ka tsaya ga adireshi. In foyinta kawai ka kwafa, abu biyu sun mallaki wuri ɗaya ke nan, kamar a sayar wa mutum biyu sa ɗaya a kasuwar shanu. Na farko ya goge, na biyu ya sake gogewa, manhaja ta faɗi. Ware sabon wuri, ka kwashe bayanan ɗaya bayan ɗaya.

3. Yi hattara da a = a. Gwada this da adireshin abin da aka miƙo kafin ka goge komai. In ba haka ba, za ka share abin da kake shirin kwafa.

4. Mayar da \*this a ƙarshe. Da shi ne a = b = c ke tafiya daidai. Layi ɗaya ne, amma mantuwarsa na cinye dare guda.

5. Rubuta operator= guda biyu in nau'i ya bambanta. Akwati<int> da Akwati<double> aji biyu ne daban. Wanda ka rubuta da template<class U> ba ya maye gurbin na asali, kwamfaila za ta saka nata a ɓoye.

6. Riƙe dokar uku. In ka rubuta operator=, haɗa da maginin kwafi da mai rushewa. Daga C++11 na 2011 sun zama biyar, saboda an ƙara biyu na matsarwa.

Ka bar duk lambar tamfilet a fayil ɗin .h, ka gwada da g++, wanda kyauta ne. Sannan ka riƙa adana aikinka a filas kafin wuta ta ɗauke.