Sabuntawa ko Jinkiri: Shawara ga Mai Riƙe da Jenkins a Kan Sabarsa

Tambayar da masu kula da kwamfutocin ma'aikatu suka fi kawo mini, musamman waɗanda suka zaɓi su girka Jenkins a kan sabarsu maimakon su yi hayar ta wasu, ita ce, idan sabuwar siga ta fito ɗauke da sababbin fasahohi da gyare-gyare, shin wajibi ne a sabunta nan take, ko kuwa a ƙyale abin da yake tafiya lafiya ya ci gaba da tafiyarsa? Amsar ba guda ɗaya ba ce, domin abubuwa biyu ne masu bambancin hukunci ake kawowa cikin ƙunshi ɗaya, kuma mafi yawan asarar da ake yi tana zuwa ne daga rashin rarrabe su.

Ga wanda bai saba da ita ba, Jenkins manhaja ce da Kohsuke Kawaguchi ya fara rubutawa da sunan Hudson lokacin da yake aiki a Sun Microsystems, aka sauya mata suna a 2011 bayan saɓani da kamfanin Oracle. Aikinta shi ne, duk sa'ad da wani marubucin manhaja ya tura canji, ta ɗauko, ta harhaɗa, ta gwada, in an ba ta izini kuma ta kai shi har inda jama'a ke amfani da shi. Tun da haka ne, dole a damƙa mata kalmomin sirri da mabuɗan shiga sauran sabobi, sai ta zama kamar ma'ajin gida wanda makullan kowane ɗaki ke rataye a ƙugunsa, wanda in ɓarawo ya kama shi, ba ya bukatar fasa ƙofa ko ɗaya.

Gyaran tsaro, a wurina, farilla ne da ba a jinkirtawa. Dubi abin da ya faru a Janairun 2024, lokacin da aka bayyana aibin da aka yi wa lamba CVE-2024-23897. Asalinsa wani ɗan sauƙi ne da ke cikin laburaren args4j, wanda Jenkins ke amfani da shi wajen karanta umarnin da ake aiko mata daga nesa: in mutum ya rubuta alamar @ ya biyo ta da sunan fayil, sai laburaren ya cire sunan ya zuba abin da ke cikin fayil ɗin a madadinsa. Wanda ya ƙirƙiro wannan da kyakkyawar niyya ya yi, amma sakamakonsa shi ne baƙon da ba shi da wani izini yana iya leƙa layukan farko na fayilolin sabar, mai izinin karatu kawai kuwa yana iya karanta fayil ɗungurungum. An toshe kafar a siga ta 2.442 da ta layin LTS (wanda ake daɗe ana tallafa masa) 2.426.3, aka kuma shawarci wanda bai iya sabuntawa a take ba da ya rufe wannan hanyar umarni ɗungum. Duk da haka, a Agustan shekarar sai da hukumar CISA ta Amurka ta shigar da aibin cikin jerin waɗanda aka tabbatar ana kai hari da su, wato watanni bayan magani ya samu akwai sabobin da ke buɗe. Haka takwararta TeamCity ta kamfanin JetBrains ta sha a Satumbar 2023 da Maris 2024. Abin lura a nan shi ne, ranar da aka sanar da gyara ita ce ranar da masu ɓarna su ma suka san inda raunin yake, saboda haka jinkirin da mai sabar ke ɗauka taka-tsantsan ne, a haƙiƙa shi ne ganganci.

Sabuwar fasaha kuwa mustahabbi ce, a ɗauke ta in an ga amfaninta, a bar ta in ba a bukata. Jenkins tana fitar da siga kowane mako, tana kuma da layin LTS wanda ake zaɓar masa sabon tushe duk bayan mako 12, ana biyo shi da ƙananan gyare-gyare. Ma'aikatar da abincinta ya dogara da wannan sabar ba ta da hujjar bin layin mako-mako, sai dai in sha'awa ce, ita kuwa sha'awa a yi ta a kan wata kwamfutar dabam.

Amma kada a fahimci mustahabbi da cewa ana iya barinsa har abada, domin bashi ne da ke taruwa. Daga LTS 2.361.1 a 2022 Jenkins ta daina karɓar Java 8, daga 2.479.1 a 2024 kuma ta wajabta Java 17 ko sama. Wanda ya zauna shekara biyu bai taɓa komai ba, ranar da gyaran gaggawa ya fito zai tarar ba zai iya karɓarsa ba sai ya sauya Java a kan babbar sabar da kuma dukkan injunan da ke yi mata aiki, sannan ya bi filogin ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, alhali wasunsu masu su sun daɗe da yin watsi da su. Filogin, waɗanda yawansu ya haura 1,800, su ne albarkar Jenkins kuma su ne fitinarta. Da yawa daga sanarwar tsaro a kansu take, kuma wani lokaci sanarwar kan fito ta ce babu gyara tukuna. Duk wanda ba a amfani da shi a cire shi.

To, ga tsarin da nake ba da shawara. Kafin a taɓa komai a ɗauki kwafin kundin JENKINS_HOME gaba ɗaya, a kuma adana fayil ɗin master.key da ke cikin kundin secrets a wani wuri dabam mai tsaro, saboda in ya ɓata, sirrin da ke cikin credentials.xml ba zai warwaru ba, in kuma aka ajiye su tare suka faɗa hannun wani, an ba shi ƙofa da mabuɗinta. Kwafin da ba a taɓa jarraba mayar da shi ba, kada a dogara da shi. Daga nan a karanta jagorar sabuntawa ta kowane layin LTS da za a tsallake, ba na ƙarshe kaɗai ba, a sabunta filogin kafin babbar manhajar da kuma bayanta, a gwada duka a kan sabar gwaji da ayyuka biyu ko uku na gaske. A zaɓi safiyar ranar aiki da kowa yake nan, ba yammacin Juma'a ba, inda wuta ba ta da tabbas kuma a tabbatar janareta ko batir na tsaye, domin yankewar wuta a tsakiyar rubuta fayiloli tana iya lalata tsarin.

Akwai abu biyu da ke rage nauyin wannan duka. Na farko, a mayar da adadin masu aiwatarwa a kan babbar sabar zuwa sifili, yadda ayyukan harhaɗawa za su gudana a kan wasu injunan nesa da inda mabuɗai suke, a kuma ɓoye sabar daga intanet sai ta hanyar VPN. Na biyu, a rubuta matakan aiki cikin Jenkinsfile, saitin sabar kuma ta filogin ɗin Configuration as Code, a ajiye su a Git, ta yadda in sabuntawa ta ɓaci, za a iya tayar da sabuwa cikin sa'a guda maimakon a zauna ana ƙoƙarin tuna abin da wani da ya bar aiki ya danna shekarun baya.

Wanda kuma GitLab yake riƙe da ita a kan sabarsa maimakon Jenkins, shawarar ɗaya ce, sai dai ya sani cewa tana fitar da siga kowane wata, tana da tashoshin da dole a tsaya a kansu in za a yi tsalle mai nisa, kuma sai ayyukan sauya rumbun bayanai da ke gudana a bayan fage sun kammala sarai kafin a wuce zuwa tasha ta gaba.