Kafin 'Yan Jaje Su Cika Ɗakin

Da hantsi aka kira mu wani shagon sayar da wayoyi da aka fasa cikin dare. Ko da muka isa, shagon ya cika maƙil. Maƙwabta sun shigo jaje, wani dattijo ya ɗauki kwaɗon da aka ɓalle yana jujjuya shi yana nuna wa jama'a inda aka zura ƙarfe, yaron shago kuwa, saboda ladabi, har ya share ƙasa ya goge gilashin kanta tas, wai kada hukuma ta tarar da wurin kaca-kaca. Mai shagon ya tarbe ni ya ce, "Yallaɓai, bismilla, ku duba duk abin da za ku duba." Na ce, "Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Su wa da wa suka taɓa kantar nan tun asuba?" Ya waiwaya ya dubi taron, ya rasa ta inda zai fara ƙirga.

Aikina ke nan, ɗaukar zanen yatsa a inda aka yi ɓarna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba kasafai ɓarawo ke goge sawunsa ba. Masu ƙaunar wanda aka yi wa satar ne ke goge masa.

Ɗaga babban yatsanka ka dube shi a haske. Siraran layukan nan tun kana ciki suka fito, kafin cikin ya kai wata shida sun kammala, kuma da su za a kai ka makwanci. Na wasu sun lanƙwasa sun dawo kamar ƙugiya, su ne suka fi yawa. Na wasu sun nannaɗe kamar saƙar faifai, 'yan kaɗan kuma sun ɗan yi tudu ne suka wuce. Amma ba da wannan fasali muke gane mutum ba. Muna bin layi ɗaya-ɗaya ne da madubin ƙara girma, mu ga inda ya tsaya cak, da inda ya rabu biyu kamar hanya, da tazarar da ke tsakaninsu. A nan ne ko Hassan da Husaini, da uwarsu kaɗai ke bambance su, suke rabuwa. Magini da siminti ya cinye wa yatsu, ko tsohuwar da wanki ya sulɓe wa fata, nasu kan dushe har na'urar banki ta ƙi karɓa, amma in hannu ya huta zanen zai dawo yadda yake, sai fa in rauni ya yi zurfi ya bar tabo.

Abin da yatsa ke bari a jikin gilashi ko ƙarfe ɗan gumi ne da maiƙo, ido ba ya ganinsa. Da buroshi mai tsananin laushi nake shafa masa hoda a hankali har ya bayyana, in ɗauki hotonsa, sannan in ɗauke shi da salatif in manna a kati. In a takarda ne, akwai sinadarin ninhydrin da ke mayar da shi launin shunayya. In a leda ne, tururin sufa gulu ke fito da shi fari. Duk wannan dabara ba ta da amfani in wani hannun ya riga ya bi ta kai. Shafa ɗaya da tsumma ta isa. Lokacin hunturu abin ya fi wuya, hannu a bushe, ga ƙura.

A 1892, a garin Necochea na ƙasar Ajantina, aka kashe yara biyu. Uwarsu, Francisca Rojas, ta ɗora wa wani maƙwabci. Aka kama shi, aka gana masa azaba, ya ce shi bai aikata ba. Bayan kwanaki wani sufeto ya lura da shatin yatsa na jini a jikin ƙofa, ya yanke katakon, aka gwada bisa tsarin da wani mai suna Juan Vucetich ya shimfiɗa. Yatsan uwar ne, kuma ta amsa laifinta. Nakan tuna da maƙwabcin nan. Da wata mai tausayi ta wanke ƙofar, ban san yadda zai ƙare ba.

Shi ya sa nake roƙo, in mun ce mutanen gida su dangwala mana yatsu, kada gabanku ya faɗi. Ba zarginku muke yi ba. So muke mu ware naku gefe mu ga na baƙo. Zanen yatsa yana cewa ne kawai wane ya taɓa nan, ba ya faɗar yaushe ko don me. Dattijon da ya jujjuya kwaɗo ya taka sawun ɓarawo da hannunsa bai sani ba.

Mu ma masu aikin muna iya kuskure, musamman in guntun zane ne da ya dame. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a ranar 11 ga Maris 2004, an sami shatin yatsa a jikin wata leda. Hukumar FBI ta ce na Brandon Mayfield ne, wani lauya Musulmi a jihar Oregon ta Amurka. Ya yi kimanin mako biyu a tsare, kafin 'yan sandan Sifen su gano cewa na wani ɗan Aljeriya ne. Aka ba Mayfield haƙuri, a 2006 gwamnatin Amurka ta amince ta biya shi dala miliyan 2. Tun da na san wannan labari, in zane bai fito sosai ba, ba na tilasta masa ya yi magana, ko da kuwa ana jirana a bakin ƙofa.

Saboda haka in tsautsayi ya faɗa maka, ja ƙofar da gefen rigarka, ka shimfiɗa wa 'yan jaje tabarma a waje. Kada a share, kada a mayar da akwati mazauninsa, kada a ɗauki ƙarfen da ɓarawo ya yar. In kana so ka san abin da aka kwashe, leƙa da ido, hannunka a aljihu. Wanda ya riga ya taɓa wani abu ya faɗa mana, ba laifi ba ne.

A shagon Alhaji mun wuni muna nema. Can bayan kanta muka tsinci kwalin waya da ɓarawon ya yage ya jefar, a jikin ledarsa akwai rabin yatsa. Na kwana biyu a kansa. Wani ya riga ya ɗaga kwalin ya mayar, nasa ya hau kan wancan, layukan da suka tsira ba su isa in ɗora wa kowa ba. Haka na rubuta a rahotona. Da na je na faɗa wa Alhaji, yaron shagon na tsaye a gefe, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wallahi Yallaɓai, ba wanda ya taɓa gaya mini."