Raya Gona Amana Ce: Darasi Ga Manoman Gidan Katta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi hakkin da gona take da shi a kan mai nomanta.

Manomin Gidan Katta, a ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato, bai bukatar a gaya masa cewa ƙasa tana gajiya. Gonar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu, a kwashe karanta kaf bayan girbi, a sare itacenta, a banka wa sassabe wuta, ƙarshenta sai ta koma fako ko rairayi, iska ta kwashe, gero ya fito a tsumbure. Dattawan yankin ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba.

Alƙur'ani mai girma, a Suratu Hudu aya ta 61, ya nuna cewa Allah Ya halicci mutane daga ƙasa kuma Ya ɗora musu aikin raya ta. A Suratur Rum aya ta 41 kuwa an danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Anas ɗan Maliku cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Malaman fiƙihu sun keɓe babi guda a kan raya matacciyar ƙasa, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan wannan mas'ala a nan ƙasar Hausa. Ashe ke nan kyautata wa gona yana cikin addini.

To, mene ne binciken zamani ya ƙara a kan wannan? Masana sun tabbatar cewa hayaƙin man fetur da kwal da ƙone dazuzzuka yana tara iskar kabon a sararin sama, ita kuwa tana riƙe zafi, shi ya sa yanayi yake rikicewa. Amma Allah cikin hikimarSa Ya sanya tsiro yana zuƙar wannan iska ta ganyensa, da taimakon hasken rana, ya gina jikinsa da saiwarsa da ita. Idan ganye da kara da saiwa da kashin dabbobi suka ruɓe a gona, wani kashi na kabon ɗin sai ya zauna a cikin ƙasa, ya mai da ita baƙa mai taushi, mai riƙe ruwa. Kabon da ke jibge a ƙasar duniya ya fi wanda ke cikin iska da tsirrai a haɗe. Wanda ya ƙone kara ya mayar da shi sama, wanda ya bar shi ya ruɓe kuwa ya adana shi inda zai amfani zangarniya.

Shaidar wannan tana nan kusa, a ƙetaren iyaka. A kwarin Majiya da ke Nijar, wanda ruwansa yake gangarowa tafkin Kalmalo, an fara dasa layukan darbejiya a 1975 domin tare iska daga gonaki. A Maradi kuwa, a 1983, wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka sami abin da ake kira sassaben zamani, watau manomi ya zaɓi 'yan tsiro masu ƙarfi a kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ya sassabe sauran, ya tsare su har su zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta kamar miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da dashe ba.

Gawo ya isa abin tunani ga mai hankali. Yakan kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da gero ke son rana, ganyen ya zama taki, sa'an nan ya yi kore da rani, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Haka nan ramukan tassa, waɗanda ake haƙawa a fako da rani a zuba musu taki, sukan tara ruwan sama su rayar da wurin da aka fid da rai da shi. Tsohuwar al'adar nan ta barin makiyaya su kwana da shanunsu a gona bayan girbi ita ma tana cikin wannan babi, ga taki ga zumunci.

Sai dai a faɗi gaskiya: ƙasa mai rairayi a wuri mai zafi ba ta tara kabon da sauri, sai an yi shekaru ana haƙuri, kuma sakaci na ɗan lokaci yakan rushe aikin. Ƙoƙarin manomi kuma bai ɗauke wa ƙasashe masu manyan masana'antu nauyin rage hayaƙinsu ba, domin kowa da nasa alhaki.

Saboda haka ya kamata limamai su riƙa tunatarwa a huɗuba, hakimai da masu unguwanni su tsawata wa masu sare itacen gonar wani da dare, domin wannan cin dukiyar mutane ne, kuma shi ke kashe zuciyar mai reno. Manomi kuwa ya fara da kututture goma a bana, ya bar wani kashi na kara a gona. Da wuya magadansa su rasa cin moriyar abin.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya sa a dace. Amin.