Yadda Ake Buga Golf a Hunturun Birtaniya

Daga Nuwamba zuwa Maris, wanda ya je buga wasa a tsohon filin golf na St Andrews da ke Sikotilan, da 'yar tabarmar roba yake yawo. Duk inda ƙwallonsa ta tsaya a tsakiyar fili, sai ya ɗora ta a kan tabarmar kafin ya buga. Sanyi ya tsayar da tohon ciyawa, don haka duk wurin da sanda ta ƙwaƙule, haka zai zauna tabo har hunturu ya wuce. St Andrews ma da sauƙi, tunda ƙasarsa rairayi ce mai shanye ruwa. Filayen da ke kan laka su ke zama taɓo.

Tun kafin a ɗauki sanda, allon sanarwar kulob ake fara dubawa. Tushen dokar golf shi ne a buga ƙwallo yadda aka same ta. Sassaucin hunturu kuwa ƙaramar doka ce, mai lamba E-3 cikin samfuran da hukumomin golf na R&A da USGA suka tanada, kuma ba ta aiki sai kwamitin fili ya ayyana ta. A Ingila an saba ba da ita daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. Da yawa daga masu wasan nishaɗi ba sa ko kallon allon. Da zarar sun sa rigar sanyi, a ganinsu doka ta sassauta.

Idan raɓa ta daskare da dare, akan jinkirta fara wasa. Ruwan da ke cikin ganyen ciyawa ya zama ƙanƙara, taka shi yana farfasa ganyen, bayan 'yan kwanaki sai sawun ƙafa ya fito baƙi. Wasu kulob ɗin sukan rufe dandalin rami gaba ɗaya, su haƙa ramin wucin gadi a gabansa.

To, a ce sassaucin hunturu na aiki, ƙwallo ta faɗi inda aka aske ciyawa, ta kwaso laka. Mai wasa zai soka ɗan turke a gefenta don alama, ya ɗauke ta, ya goge. Sannan ya ajiye ta da hannu cikin tazarar da kwamiti ya yanke, galibi inci 6, ba tare da ya matsa kusa da rami ba. Sau ɗaya ake ajiyewa. Da ya saki hannu ta tsaya, magana ta ƙare, ko da ya hango wuri mafi kyau.

A nan ne son kai ke shigowa. Wani ba zai sunkuya ba, sai ya mirgina ƙwallon da kan sanda har ta hau ciyawa mai laushi, alhali doka hannu ta ce. Wani inci shidansa ya kai kamu guda. Wani kuma har cikin doguwar ciyawar gefe yake gyara wa ƙwallonsa zama, inda sassaucin bai kai ba. Tsakanin abokai da suka yarda da haka tun farko, ba wanda aka cuta. Amma a gasa, bugawa daga wurin da bai dace ba tarar bugu 2 ce, kuma katin makin da aka cika ta wannan hanya ba ya nuna ainihin ƙwarewar mai shi.

Abin mamaki, wasu haƙƙoƙin da mutane ke ɗauka na hunturu ne, suna nan duk shekara. Tun gyaran dokoki na 2019, ƙwallon da ta nutse a ramin da ta yi wa kanta, ko a doguwar ciyawa ne, ana cire ta ba tara, a sake ta daga tsayin gwiwa cikin tsawon sanda ɗaya. Haka ma idan ruwa ya kwanta, ko yana tsattsafowa a gefen takalmi: a nemi wuri mafi kusa da ba ruwa. Laka zalla ba ta cikin wannan.

Gyaran na 2019 ya kuma rage lokacin neman ƙwallo daga minti 5 zuwa 3. A filin da busassun ganye suka rufe, wannan ba wasa ba ne, shi ya sa masu dabara ke komawa ga ƙwallo mai ruwan ɗorawa, su kuma buga wata ƙwallon ta ko-ta-kwana tun kafin su bar wurin bugun.