Kariyar Manhajar Kwamfuta da Hanyoyin Rage Satar Fasaha

1.0 Gabatarwa

Manhaja ita ce jerin umarnin da kwamfuta ke bi wajen gudanar da aiki, kamar buga rubutu ko lissafi ko zane. Masu ƙirƙirar ta kan kashe dukiya da shekaru kafin su kammala ta, amma kwafar ta ba ta wuce 'yan mintoci, kuma kwafin ba ya bambanta da na asali. Wannan ne ya buɗe ƙofar satar fasaha, wato kwafa ko sayarwa ko rarraba aikin wani ba tare da izininsa ba. Darasin zai duba dabarun kare manhaja da rauninsu, sannan ya kawo hanyoyin rage satar.

2.0 Asalin Matsalar

Matsalar ta taso ne tun fitowar ƙananan kwamfutoci a Amurka. A shekarar 1976, Bill Gates na kamfanin Microsoft ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa mafi yawan masu amfani da manhajarsu ta Altair BASIC ba su biya ko sisi ba. Da abin ya ci gaba da ta'azzara, sai kamfanoni suka shiga neman yadda za su ɗaure kayansu.

3.0 Dabarun Kariya

(a) Kulle faifai: A shekarun 1980 akan tsara bayanan faifai ta wata siga ta daban, yadda kwamfuta za ta karanta shi amma ta kasa kwafar sa daidai.

(b) Tambaya daga littafin jagora: Manhajar kan nemi a rubuta wata kalma da ke wani shafi na littafin da aka sayar tare da ita. Wanda ba shi da littafin sai ya tsaya cik.

(c) Makullin sokawa: Wata 'yar na'ura ce da ake soka wa a jikin kwamfuta, wadda in babu ita manhajar ba za ta buɗe ba.

(d) Lambar rajista: A 2001, Windows XP ta zo da lamba mai haruffa da alƙaluma 25, wadda sai an tantance ta ta intanet ko tarho cikin kwana 30.

4.0 Raunin Dabarun

Babban raunin waɗannan dabaru shi ne, mutum ɗaya ya isa ya karya makulli, ya watsa buɗaɗɗen kwafi ga dubban jama'a. Daga nan sai wahalar ta koma kan mai gaskiya, domin shi kaɗai ke fama da makullin. Misali, a 2008 kamfanin Electronic Arts ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Spore, ya ƙayyade cewa sau uku kawai mai saye zai iya ɗora shi. Masu saye suka fusata, wasan kuma ya shiga sahun waɗanda aka fi sata a shekarar. Garin gyaran gira ke nan aka rasa ido.

5.0 Hanyoyin Rage Satar Fasaha

Hanya ta farko ita ce doka. A 1998 Amurka ta haramta karya makullin kariya. A Nijeriya ma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta haramta hakan, kuma tana lissafa manhaja cikin ayyukan adabi, kamar littafi.

Ta biyu ita ce sauƙaƙa saye. Dandalin Steam, wanda kamfanin Valve ya buɗe a 2003, ya nuna cewa jama'a kan biya idan saye ya fi sata sauƙi.

Ta uku ita ce biya kaɗan-kaɗan. A 2013 kamfanin Adobe ya mayar da manyan manhajojinsa kan tsarin biyan wata-wata ko shekara-shekara.

Ta huɗu ita ce amfani da manhajojin da masu su suka halatta kwafar su kyauta, irin su Linux da LibreOffice. Waɗannan mafita ce ga makarantu da ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi.

Ta biyar ita ce wayar da kai. Manhajar sata kan zo da ƙwayar cutar kwamfuta mai lalata aiki ko kwashe bayanan sirri. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa makulli yana jinkirta ɓarawo ne kawai, ba ya hana shi. Satar fasaha na raguwa ne idan doka ta yi aiki, farashi ya dace da aljihun mai saye, jama'a kuma suka san cewa gumin wani ne suke ci.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Mece ce satar fasaha?
2. Kawo dabaru uku na kare manhaja tare da bayani.
3. Wane darasi ke cikin labarin wasan Spore?
4. Wace hanya ce ta fi dacewa da makarantu? Kawo dalili.