Yadda Ake Duba Man Giya a Mota Mai Otomatik

Giyabos ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi. A mota mai otomatik, man giya ke danna kulocin ciki, shi ne kuma ke sanyaya su. Hawa da gangaren unguwar Tudun Wada ta Jos na gasa man nan sosai, don haka ka riƙa duba shi wata-wata. Tanadi farin tsumma mai tsabta da siririn mazurari.

1. Ɗumama motar. Yi tafiyar kamar minti 15. A sanyin Jos na Disamba da Janairu, barin inji yana aiki a ƙofar gida ba ya zafafa giyabos.

2. Tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe. A unguwar nan sai an nema, amma ka daure, domin a kan gangara gejin auna man ƙarya zai yi maka. Ja birkin hannu.

3. Taka birki, ka bi da giya ta R, N da D, kana ɗan dakatawa a kowanne, sannan ka dawo P. In Toyota ce, bar inji a kunne. In Honda ce, kashe shi ka auna cikin daƙiƙa 90.

4. Buɗe bonet, ka zaro gejin giya. Kada ka rikita shi da na baƙin mai, kuma ka kiyayi fanka da hannun rigarka. Goge gejin, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin HOT. Wasu sababbin motoci ba su da geji. Duba irin waɗannan aikin makanike ne.

5. Ɗiga man a tsumma, ka duba, ka shinshina. Lafiyayye ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, kuloci sun fara ƙonewa. In ya yi kalar shayi da madara, ruwan lagireto ya shiga. Kada ka sake tuƙa motar sai an gyara.

6. In ya gaza, ƙara kaɗan-kaɗan ta bakin gejin, kana aunawa. In ya yi yawa kumfa yake yi, giya ta riƙa zamewa. Nemi irin da aka rubuta a jikin gejin ko littafin motar: T-IV ko WS a Toyota, DW-1 a Honda. Man giyabos irin CVT daban ne. Ko a kasuwar Dilimi mai kaya ya ce maka “duk ɗaya ne”, karanta jikin robar da kanka.

7. Mayar da gejin ya zauna daram. Washegari da safe leƙa ƙarƙashin motar. Ɗigon jan mai a ƙasa alamar yoyo ce.